Badan da Nafas a Rumfar Wanzamin Agege

Da sunan Allah nake farawa, kamar yadda nake yi kafin in kwance bakin zabira.

Makon jiya ɗaya daga cikinku ya tsaya a bakin rumfata yana kallo ina kafa wa wani mahauci ƙaho. Da na gama sai ya ce, "Baba Ilu, ai wannan aikin kwana uku ya isa mutum ya iya shi. Kofuna ga su nan kwali-kwali a kasuwar Idumota, yadda ake yi kuma yana cikin waya." Ban yi masa musu ba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Manna kofi a bayan mutum, kwana uku ma sun yi yawa. Ɗaya rabin ne zan ba ku labarinsa, tunda kun samu wuri kun zauna.

Ina da shekara goma sha tara na zo Agege a motar shanu, daga ƙauyenmu a ƙasar Ɗambatta. Wurin Baffa Haladu na sauka, ƙanin mahaifina, wanda yake wanzanci a wata rumfar kwano kusa da mayanka. Shekara biyu cur ban ɗora ƙarfe a fatar mutum ba. Aikina wasa aska a dutse, dafa ƙahonni a ruwan zafi, da zuwa mayanka neman sababbi. Ba kowane ƙaho ake ɗauka ba. Na ɗan bijimi ake nema, wanda bai yi kauri ba, a yanke shi daidai tsawon tafin hannu, a kankare bakinsa har ya yi santsin da ba zai kurje fata ba, a huda tsininsa. Idan na gama ɗaya, Baffa zai ce in kafa shi a cinyata. In ya faɗi kafin ya gama shan shayinsa, sai in koma in sake.

Tsaga kuwa a jikin ɗanyar gwanda na koye ta. Baffa zai ajiye mini ita a kan tabarma ya ce in yi tsaga goma sha biyu a jere, kowace ta fitar da farin ruwan nan, amma kada ko ɗaya ta kai tsoka. Sai ya fere wurin ya duba. Na ɓata gwanda ta fi kwando kafin ya daina girgiza kai.

Mutumin farko da ya bar ni na yi wa aiki wani falke ne mai kawo shanu daga Arewa, wuyansa ya sage saboda kwanan mota. Na aske ƙeyar, na ɗora ƙaho biyu, na zuƙe iskar da baki, na sa harshe na tura 'yar jijiyar dabba da na tauna na toshe hudar. Da fata ta taso na cire, na tsaga, na mayar. Komai ya tafi daidai, har ina jin kaina. Da falken ya tafi Baffa ya ce, "Aikin ya yi. Amma ba ka tambaye shi ko ya ci abinci ba, ba ka dubi idonsa ba, ba ka ji ko ya taɓa suma in ya ga jini ba. Baya kawai ka gani, ba ka ga mai bayan ba."

Shi ne kuma ya tilasta mini zuwa zauren wani malami bayan sallar Asuba. Cewa ya yi mai taɓa jinin mutane dole ya san tsarki. A babin alwala da wanka da wankan gawa na haddace sunayen gaɓoɓi da Larabci: wajhu fuska, ra'asu kai, sadru ƙirji, baɗanu ciki, ƙalbu zuciya, badan da jasad duk jiki. A lokacin ban ga abin da zai haɗa su da neman abincina ba. Masu zuwa wurinmu Hausawa ne da Yarabawa, Yarabanci kuwa na iya shi a bakin motocin haya na danfo tun kafin in iya aska.

Baƙon farko ya zo ne bayan Baffa ya tsufa ya koma gida ya bar mini rumfa. Malam Isuhu, ɗan garinmu da yake gadi a wani masauki a Ikeja, shi ya kawo shi ranar wata Juma'a bayan an sauko. Ƙaton mutum ne fari mai haƙorin zinare ɗaya, makanikin jiragen sama masu ɗaukar kaya. Na ɗauka Bature ne, sai ya yi mini sallama cikakkiya. Isuhu ya ce sunansa Rustam, daga wata ƙasa wai ita Uzbekistan, Musulmi ne, kafaɗarsa ce ta hana shi ɗaga sifana. Turancinsa bai fi nawa ba, nawa kuwa na kasuwa ne. Muka tsaya muna kallon juna.

Na nuna masa tabarma, na shafa jikina daga sama zuwa ƙasa, ban san lokacin da kalmar zaure ta fito daga bakina ba. Na ce, "Jasad."

Mutumin nan ya ja da baya. Sai ya rufe ido, ya miƙe samɓal, ya haɗa hannuwansa a ƙirji kamar wanda aka shirya wa likkafani, ya ce, "Jasad." Ya buɗe ido, ya bugi ƙirjinsa da ƙarfi, ya ce, "Badan."

Ashe a wurinsu jasad gawa ce, mai rai kuwa badan ake ce wa jikinsa. Isuhu ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ilu, tun ba ka taɓa shi ba ka kashe mana baƙo."

Daga nan aiki ya buɗe. Ya bi da yatsa daga wuya zuwa gwiwar hannu ya ce "asab," na gane jijiya yake nufi. Na taɓa cikina na yi alamar cin abinci, ya ce "me'da," ya nuna babu komai a ciki. Wannan ma na san ta, tumbi ce a littafi. Da zan tsaga na ce "nafas," ya ja numfashi ya riƙe. Amma da na ce wajhu bai gane ba, da na ce ra'asu ya ɗaga kafaɗa. Kai a wurinsu bosh ne, fuska yuz, jini ƙon. Ƙaho huɗu na kafa masa. Bayan sati biyu ya dawo da abokan aikinsa uku da wata doguwar kankana da ya ce ta garinsu ce, a jirgi ta zo.

Mutanen Indunusiya kuma ragon Layya ne ya kawo su. Suna aiki a wani kamfanin taliya can bayan Iyana Ipaja, sun zo kasuwar dabbobi, suka biyo ta gaban rumfata ina tsakar aiki. Ɗayansu ya tsaya ya ce da 'yan'uwansa, "Bekam." Sunan ƙaho ke nan a wurinsu, kuma sun riƙe shi fiye da yadda muka riƙe. Babbansu shi ne Pak Darman, gajere mai furfura a gefen kai, mai kula da injina. Pak ɗin nan kamar a ce malam ne ko baba, ni ma Pak Ilu suke ce mini. Wani lokaci sukan zo da abokinsu Azman, mutumin Malesiya da yake aiki da masu manja. Shi ya yi karatu a Masar, don haka in magana ta cije shi ne mai warwarewa.

Su ma badan suke cewa, su ma nafas. Wajhu ɗin da Rustam bai sani ba, su wajah suke cewa, ita ce fuska a bakinsu. Hankali akal ne, rai roh, mahaifa rahim. Wannan ta ƙarshe matata Hajara ce ta kawo mini ita, don ita take yi wa matansu ƙaho a cikin gida. Amma baya punggung ne, ƙirji dada, jini darah, babu ko ƙamshin Larabci. Na taɓa tambayar Azman dalili. Ya ce, "Pak Ilu, ku ma fa haka ne. Hankali da ruhi da al'aura da lafiya, daga ina kuka samo su?" Na lissafa su a raina. Lallai waɗannan ta zaure suka shigo mana. Hanta da gwiwa da ƙeya kuwa tun kaka da kakanni muke da abinmu. Ga mutane uku, ƙasashensu ko a jirgi sai an yini, amma abin da malami ya karantar ya tsaya a bakin kowa, abin da uwa take kira in tana yi wa ɗanta wanka kuma kowa da nasa.

Da kalma ashirin ɗin nan da yatsa na yi shekaru ina aiki a kan baƙi, har na fara ɗauka na iya yarensu.

Sai shekarar Ebola ta zo. Waɗanda suke Legas a lokacin sun san yadda aka yi: bokitin ruwa a ƙofar kowane shago, hannu ma an daina gaisawa da shi, a danfo kowa yana naɗe jikinsa. To wa zai kawo bayansa a fitar masa da jini, wanzami kuma ya sa baki ya zuƙa? Ban ga laifin kowa ba. Ni da kaina na rataye zabira tun kafin a ce in rataye. Na ɗauki dutsena na koma mayanka ina wasa wa mahauta wuƙaƙe, mutanen da jiya nake yi wa ƙaho. Hajara ta kafa tanda a ƙofar gida tana waina. Da wannan muka ci, yara ba su fasa makaranta ba. Cutar ta wuce, amma tsoron bai wuce da ita ba. Na buɗe rumfa na yi wata biyu aski kawai nake yi, shi ma sai mutum ya zo da rezarsa.

Azman ne ya kawo mini kofuna da ɗan famfon zuƙe iska da kwalin safar hannu. Ya ce a garinsu an daɗe da barin baki. Na sayi reza mai amfani sau ɗaya, na rataye ƙahonnin Baffa a bango, ga su can kuna gani. Har gobe ina cewa ƙaho ya fi kofi kama fata, amma ban sake sa shi a baki ba. Waɗanda suka fara dawowa kuwa su Pak Darman ne. A watannin nan in ka cire su, rumfar nan babu kowa sai ƙuda.

Ranar wata Asabar bayan Azahar motar kamfaninsu ta tsaya, direbansu Wasiu ya fito ya buɗe wa Pak Darman ƙofa. Shi kaɗai ya zo. Wasiu ya ce mini da Yarabanci, "Baba, oga ya ce iska ce ta shige shi tun safe. Ƙaho yake so a baya da kafaɗa."

Kada ku ɗauka iskar da muke nufi ce. Su in sanyi ya kama mutum, jiki ya yi nauyi, ciki ya kumbura, sai su ce iska ta shiga, maganinta kuma ƙaho ko a kankare baya da kwabo. Na sha yi musu a kan haka. Amma ranar na ga yana shafa hannunsa na hagu, goshinsa kuma da gumi alhali daga mota mai sanyi ya fito. Na ɗora hannu a ƙirjina ta hagu na tambaye shi, "Ƙalbu?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kalbu baik, alhamdulillah." Baik na san ta, lafiya lau ke nan.

To, mai zuciya ya ce zuciyarsa lafiya, kalmar kuma ɗaya ce a bakina da bakinsa. Na sa safar hannu, na goge bayan, na manna kofi biyu a kafaɗa, na ɓare reza. Saura in ce ya kwanta rub da ciki. Ya sunkuya zai kwanta, sai ya taso da sauri ya dafe tabarma da hannu biyu.

"Nafas," ya ce. Ya sake cewa, "Nafas," yana nuna maƙogwaro da tsakiyar ƙirji, yana matse hannunsa kamar mai matse tsumma.

Na taɓa wuyansa, gumin sanyi ƙalau. Na dubi leɓensa, ya yi toka-toka. Na saki iskar kofunan na cire su, na jefa rezar a gwangwani.

Na ce, "Wasiu, ta da mota. Asibiti za mu."

Ya ce, "Baba, oga ba ya son asibiti. Ka yi masa abin da ya zo nema, in ya so gobe ya je."

"Ba zan tsaga shi ba."

Pak Darman ya gane abin da ake ciki. Ransa ya ɓaci, ya nuna kofunan ya nuna bayansa, yana ta faɗa da yarensu haɗe da Turanci. Wasiu ya ce cewa yake ya san jikinsa, sau nawa ana yi masa ya warke, in ba zan yi ba akwai mai yi a Iyana Ipaja. Ya ƙara da nasa, a hankali, "Baba, ka san in oga ya yi fushi duk sauran ba za su sake zuwa ba."

Na sani sarai. Na ɗaure bakin zabira na sa kwado a rumfa, na je na buɗe ƙofar motar na shiga baya na zauna. Na ce, "Ka gaya masa in Iyana Ipaja za shi, da ni za a je, in gaya wa wancan abin da na gani."

Ban san ko maganar ce ta karya shi ba ko ciwon ne ya ƙaru. Ya shigo dai ya zauna kusa da ni bai kalle ni ba. Hanyar Ikeja ranar Asabar kun san ta. Wasiu ya bi ta lunguna yana ta oda, 'yan okada suna zaginsa, ni kuma na riƙe kafaɗar mutumin kada ya kwanta, ina ta maimaita masa kalma ɗaya da muka yi tarayya a kanta, nafas, nafas, yana ja yana saki. Da muka isa ma'aikatan suka dube shi sau ɗaya suka turo gado da gudu.

Azman ya iso wajen La'asar, Wasiu ne ya kira shi. Ya shiga ya fito ya same ni a benci ya ce likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Na ce, "To ai na tambaye shi. Na ce ƙalbu, ya ce lafiya."

Azman ya riƙe kai. Ya ce, "Pak Ilu, kalbu a wurinmu ba ta ciwo irin wannan. Ita ce wadda take yin imani, take yin niyya, take jin kunya. Tsokar da take bugawa a ƙirji jantung muke ce mata. Kai ka tambaye shi tsoka, shi ya ɗauka kana tambayarsa ko hankalinsa a kwance yake."

Daga baya na tambayi Rustam, ya ce su ma haka: ƙalb ta masu wa'azi da mawaƙa ce, wadda likita yake aunawa yurak ce. Mu da muke da zuciya ɗaya tana yin duka biyun, ban taɓa kawo wa raina wasu sun raba ba. Kalmar da na fi amincewa da ita, don na ji ta iri ɗaya a baki uku, ita ce ta kusa sa ni tsaga mutum yana kan hanyar mutuwa. Tun daga ranar, in baƙo ya ba ni amsa da kalmar littafi, sai na ce ya ɗora yatsa a wurin, ya kuma nuna mini yadda ciwon yake yi. Haka nake yi wa Bahaushe ma yanzu.

Kamfaninsu ya mayar da Pak Darman gida aka yi masa aiki. Sauran ba su daina zuwa ba. Bayan wata biyar ina wasa almakashi sai ga motar ta tsaya. Ya rame, furfurar ta cinye kan duka, amma da ƙafarsa ya tako. Ya ɓalle maɓallan rigarsa ya nuna mini ɗinki tun daga ƙasan wuya har kan ciki. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Jantung." Sannan ya kama hannuna ya riƙe da nasa biyu, ya daɗe bai saki ba.

Da muka sha shayi sai ya juya mini baya ya ce, "Bekam."

Na tambayi Wasiu ko yana shan magani. Ya ɗauko ledar daga mota. A ciki akwai wanda likita ya ce yana tsinka jini, an ma gargaɗe shi ko yankan farce ya yi a hankali. Na mayar masa da ledar na girgiza kai.

Pak Darman ya ɗaga yatsu biyu yana dariya yana dafe ɗinkin. Wasiu ya ce, "Baba, oga ya ce sau biyu ke nan kana korarsa. Wai wane irin wanzami ne kai?"

Na ce, "Ka ce masa ya zauna in rage masa sumar nan, da almakashi."

Ya zauna na yi masa. Ya ƙara shekara uku a Legas kafin ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, kowane wata yana zuwa, ban sake fitar masa da jini ko ɗigo ba. Cikin duk mutanen da suka zauna a tabarmar nan babu wanda ya kai shi turo mini jama'a: ma'aikatan jiragen ruwa daga Apapa, sababbin zuwa a kamfaninsu, har da wasu 'yan Malesiya da ban san inda ya gamu da su ba. Sukan sauka a bakin mayanka da 'yar takarda a hannu, Azman ya rubuta musu da Hausa don su nuna wa mahauta. Na ga takardar sau da yawa. Ba sunana ne a jiki ba. An rubuta ne, "Ina rumfar wanzamin da ya ƙi yi wa Pak Darman ƙaho?"